Gyambon da Bankomaisin Ya Kasa: Lamarin Wata Mai Wankin Ƙoda a Mishigan

A watan Yuni na 2002 aka ɗauko ƙwayar bakteriya daga jikin wata mata a jihar Mishigan ta Amurka, aka zuba mata maganin da likitoci suka yi fiye da shekara 40 suna dogaro da shi idan sauran magunguna sun gaza, ƙwayar ta ci gaba da hayayyafa. Sunan maganin bankomaisin, sunan ƙwayar Staphylococcus aureus. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar da irin wannan cikakkiyar turjiya a jikin mara lafiya.

## Afrilu 2001: mafarin ciwon

Matar tana da shekara 40. Cututtuka uku ne suka haɗu mata: ciwon suga, da toshewar jijiyoyin da ke kai jini ƙafafu, da ƙodar da ta daina aiki, har ta kai sai ana yi mata wankin ƙoda a wata cibiya, ta je a yi mata ta koma gida.

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon suga ya san ƙafa ake wa fargaba. Suga yana kashe jin taɓi, mutum ya taka wani abu ko takalmi ya goge shi bai sani ba. Jini kuma ba ya isa wurin yadda ya kamata, sai ɗan raunin da zai warke cikin mako guda a ƙafar mai lafiya ya zauna ya zama gyambo. Tun daga Afrilu 2001 ake yi wa matar nan maganin gyambunan ƙafa, ana ba ta magungunan kashe bakteriya zubi bayan zubi, kuma a cikin wasu zubin akwai bankomaisin.

Akwai dalilin da ya sa wannan magani ya yawaita a cibiyoyin wankin ƙoda. Ƙoda ce ke tace shi ta fitar da shi daga jiki. Wanda ƙodarsa ba ta aiki, idan aka ɗura masa sau ɗaya ta jijiya, maganin yakan yi kwanaki yana yawo a jininsa, don haka ana iya ba shi a ranar wankin ba tare da an kwantar da shi a asibiti ba. Sauƙi ne ga mara lafiya da ma'aikata. Amma kuma ƙwayoyin da ke zaune a fatarsa da hanjinsa da gyambonsa sukan daɗe suna rayuwa a inuwar maganin.

## Afrilu 2002: an yanke yatsa, ƙwaya ta shiga jini

Bayan shekara guda wata yatsar ƙafarta ta ruɓe, aka yanke ta. Ba a jima ba aka sami Staphylococcus aureus a cikin jininta. Ita wannan ƙwaya ba baƙuwa ba ce a jikin ɗan Adam: wajen mutum uku cikin goma suna ɗauke da ita a hanci ko a fata ba tare da ta yi musu komai ba, ita ce kuma ke kawo maruru da ƙuraje masu mugunya idan ta sami ƙofa. Wadda aka samu a jinin matar irin wadda ake kira MRSA ce, wato wadda ba ta jin metisilin da sauran dangin fenisilin. Tun 1961 aka fara ganin irinta a Ingila.

An gano cewa tushen cutar jijiyar roba ce da aka dasa mata don haɗa ta da na'urar wankin ƙoda. Aka cire jijiyar robar, aka ba ta bankomaisin da wani maganin bakteriya mai suna rifamfin, aka sa mata robar wucin gadi da za a ci gaba da wankin ta nan. Wannan shi ne abin da aka saba yi, kuma zaɓin bankomaisin yana da hujja mai ƙarfi, wadda ba za a gane ta ba sai an dubi yadda ƙwayar ke gina jikinta.

Ƙwayar bakteriya kamar salka ce da aka cika taf da ruwa. A cikinta akwai gishiri da sukari da furotin masu yawa, suna jawo ruwa daga waje, har matsin da ke cikinta yakan ninka na iskar tayar mota sau da dama. Tantanin da ke kewaye da ita siriri ne, na maiƙo, ba zai iya riƙe wannan matsi shi kaɗai ba. Abin da ke riƙe da shi katanga ce a waje, saƙaƙƙiya kamar raga, ta lulluɓe ƙwayar gaba ɗaya. Kuma gini ne da ba ya ƙarewa, domin ƙwayar tana girma tana rabewa biyu, a yanayi mai kyau cikin kusan rabin awa. Tana da masu fasa tsohuwar katanga don a sami wurin saka sabuwa, tana da masu ginawa. Idan masu ginin suka tsaya, masu fasawa suka ci gaba da aikinsu, ƙwayar ta fashe. Ƙwayoyin jikin mutum ba su da irin wannan katanga ko kaɗan, shi ya sa maganin da ya nufi katangar yakan sami bakteriya ya bar mai jinya.

Tubalin ginin ƙarami ne: sukari iri biyu a haɗe, da jela mai amino asid biyar. Biyun ƙarshe na jelar iri ɗaya ne, ana kiran kowanne D-alanin. A cikin ƙwayar ake buga tubalin, amma a waje ake gini, to dole ya ƙetare tantani. Sai a ɗora shi a kan wani dogon maiƙo, a ɗaure su da wasu ƙananan mahaɗai biyu da ake kira fosfet. Tubalin da maiƙon a haɗe su ake kira Lifid II. Maiƙon nan aikin lebura yake yi a wurin gini: ya ɗauki tubali a ciki, ya fita da shi, ya sauke wa magini, ya koma ya ɗauko wani. Leburorin ba su da yawa, 'yan dubbai ne kawai a ƙwaya guda, alhali katangar tana cin tubali miliyoyi, saboda haka kowane ɗaya sai ya yi ta safa da marwa ba hutu. Duk abin da ya tare su ya shaƙe ginin a maƙogwaro.

A waje maginan suna yin aiki biyu. Suna jera sukarin su zama dogayen igiyoyi, sannan su ɗaure jelar wannan igiya da ta maƙwabciyarta, a wajen ɗaurin kuma su datse D-alanin na ƙarshe. Fenisilin magini yake kamawa. Yana kama da ƙarshen jelar, magini ya cafke shi da zaton tubali ne, ya maƙale masa a hannu. Dabarar MRSA ita ce ta ɗauko sabon magini, wanda wata ƙwayar gado (wato gutsuren DNA mai ɗauke da umarni) mai suna mecA ke samarwa, wanda dangin fenisilin ba sa iya riƙe shi da kyau.

Bankomaisin ba ruwansa da magini. Shi feftayid ne, wato gajeriyar sarƙar amino asid, guda bakwai, an lanƙwasa ta kamar ƙoƙo, da sukari rataye a gefe. Ba mutum ne ya ƙirƙiro shi ba. Wata bakteriyar ƙasa ce mai suna Amycolatopsis orientalis ke yin sa don ta kori abokan gasarta, an same ta a turɓayar da aka kawo wa kamfanin Eli Lilly daga tsibirin Borniyo a farkon shekarun 1950, aka amince da shi a matsayin magani a 1958. Abin da yake yi shi ne ya kife a kan D-alanin biyun nan na ƙarshen jela, ya riƙe su ta wurare biyar. Magini ya zo ya tarar da tubali a rufe, ba halin jerawa, ba halin ɗaurewa, lebura kuma ya tsaya da kayansa a ka bai koma ba. Ko ƙwayar ta sauya magini sau goma bai amfane ta ba, tunda tubalin ne aka kama. Sauya tubalin kuwa ba abu ne da ɗan kuskure ɗaya a ƙwayar gado zai yi ba, domin ma'aikata da yawa ne ke buga shi, wasu da yawa kuma ke amfani da shi.

Duk da haka an riga an ga alamun gargaɗi. A 1988 aka ba da rahoto daga Ingila da Faransa cewa wasu ƙwayoyin hanji, dangin Enterococcus, sun daina jin bankomaisin. A 1992 masu bincike a Landan suka nuna a ɗakin gwaji cewa wannan turjiya tana iya tsallakawa daga Enterococcus zuwa Staphylococcus aureus. A 1996 kuma aka sami wata Staphylococcus a Japan da ta kauraro katangarta, maganin ya riƙa maƙalewa a saman katangar kafin ya kai inda ake ginin. Wannan rabin turjiya ce. Cikakkiyar ba a gan ta a jikin mutum ba tukuna.

## Yuni 2002: sakamakon ɗakin gwaji

A watan Yuni aka ga alamun ciwo a bakin wurin da robar wucin gadi ta shiga fata. Aka cire robar, aka shafo wurin da auduga, aka aika da audugar da kan robar ɗakin gwaji. Dukansu suka tsirar da Staphylococcus aureus.

Ga yadda ake auna ƙarfin magani a kan ƙwaya. Akwai ɗan faranti mai jerin ƙananan ramuka, a kowane rami ana zuba romon da ƙwaya ke ci da wani adadi na magani, kowane rami ya ninka na bayansa: maikrogiram 1 a mililita guda, sai 2, sai 4, sai 8, haka dai. A ɗiga ƙwayar a cikin duka, a sa a ɗumi ta kwana. Da safe ramin da ƙwaya ta yi girma a ciki zai yi gurɓi, ko a ga ɗan farin tabo a gindinsa, wanda magani ya fi ƙarfinta kuma zai kasance garau. Ramin farko da ya tsaya garau shi ne ma'aunin. Staphylococcus da aka saba gani takan tsaya a wajen 1 ko 2. Ta Japan ɗin nan ta tsaya a 8. A ƙa'idar wancan lokaci, daga 32 zuwa sama ake cewa ƙwaya ta bijire.

Ta matar nan ta wuce 128. Da aka ƙara auna ta daga baya da magani mai yawa, sai a 1,024 ta tsaya. Abin da ake iya riƙewa a jinin mutum ba tare da an yi masa illa ba 'yan gomomi ne kawai. Ma'aunin oksasilin, ɗan gidan fenisilin, ya wuce 16, wato ta nan ma a rufe take. Hukumar lafiya ta jihar da hukumar daƙile cututtuka ta Amurka, CDC, suka sake gwadawa, suka tabbatar Staphylococcus aureus ce ba wata ba, suka kuma sami ƙwayoyin gado biyu a cikinta: mecA, da wata mai suna vanA, wadda har zuwa lokacin a jikin Enterococcus aka san ta.

## Mako guda bayan cire robar

Wurin da robar take ya warke cikin mako guda. Da aka sake shafo shi, aka shafo hancinta, ba a sami ƙwayar ba. Amma gyambon ƙafar ya nuna alamun ruruwa. Da aka shuka abin da aka ɗebo daga cikinsa, ƙwaya iri uku suka fito: ita wannan Staphylococcus mai turjiya, da Enterococcus faecalis wadda ita ma ba ta jin bankomaisin, da Klebsiella oxytoca. Mai bayar da vanA, wato Enterococcus, da mai karɓa, wato Staphylococcus, ke nan zaune a rami ɗaya.

Ita Klebsiella dama bankomaisin bai taɓa yi mata komai ba. Tana cikin rukunin bakteriyar da ke da tantani na biyu a bayan katanga, ƙofofinsa ƙanana ne, maganin kuma ƙato ne, ba ya shiga.

Abin da vanA ke yi kuwa shi ne abin da aka ɗauka zai yi wa Staphylococcus wuya, wato sauya tubalin kansa. Ba ita kaɗai take tafiya ba, ayari ne na ƙwayoyin gado. Biyu daga cikinsu masu gadi ne, suna jin ƙanshin maganin su tayar da sauran. Ɗaya tana samar da wani abu mai suna D-laktet. Ita vanA tana haɗa shi da D-alanin, sai jelar tubalin ta ƙare da D-alanin da D-laktet a maimakon D-alanin biyu. Wata kuma tana bin tsoffin D-alanin biyun tana rabawa, don kada a ci gaba da buga tsohon tubali. Bambancin da ke tsakanin tsohon da sabon bai taka kara ya karya ba a ido: inda naitirojin da haidirojin suke, oksijin ya maye gurbi. Amma daidai nan ne ɗaya daga cikin wurare biyar da bankomaisin ke riƙewa. Riƙon ya ɓace, kuma sabon oksijin ɗin yana ture wani oksijin da ke jikin maganin. An auna tun 1991 cewa wannan canji yana rage ƙarfin kamun kusan sau dubu. Magini kuwa da ma datse na ƙarshen yake yi ya yar, don haka ginin ya ci gaba. Daga 1 zuwa 1,024 da aka gani a farantin gwaji, ninkin ya zo daidai da wannan lissafi.

Wannan dabara ba a asibiti aka haife ta ba. Bakteriyar ƙasa masu yin irin wannan magani suna ɗauke da makamancin ayarin don kada gubarsu ta kashe su, kuma a 2011 aka ba da rahoton samun irinsa a daskararriyar ƙasa mai shekara 30,000 a arewacin Kanada.

## Yuni zuwa Yuli 2002: abin da aka yi

Gwajin ya nuna ƙwayar tana jin wasu magunguna: linezolid, da kuloramfenikol, da dangin tetarasaikilin, da haɗin kwinufiristin da dalfofiristin, da kuma haɗin tiraimetofirim da salfametoksazol. Wannan na ƙarshe aka zaɓa. Shi ne wanda muka sani a kemis da sunan Septrin, tsohon magani mai araha. Bai shafi katanga ba sam. Yana tare hanyar da ƙwayar ke bi ta haɗa folet, a wuri biyu, idan kuma babu folet ba za ta iya kwafar DNA ɗinta ta rabe ba. Sabon tubalin da ta samu ba shi da abin da zai yi mata a nan.

Tare da maganin aka tsananta kula da gyambon. Kula da irin wannan gyambo aikin hannu ne: a yanke mataccen nama da taurarren gefe har a kai inda jini ke tsattsafowa, a wanke, a ɗaure, a dawo a sake. Mataccen nama ba jijiyar da ke kai masa jini, saboda haka duk maganin da aka sha ko aka ɗura ba ya isa cikinsa, ƙwayoyi kuma sukan yi sansani a ciki cikin wani yauƙi da ke kare su. Ba a kwantar da ita ba, daga gida take zuwa.

A cibiyar wankin ƙoda aka ware ta. Ana yi mata wankin a zubin ƙarshe na yini, a keɓaɓɓen wuri, da na'urarta ita kaɗai da ma'aikaci nata, duk mai taɓa ta sai da safar hannu da riga da takunkumi. Aka bi ma'aikatan lafiya da sauran marasa lafiya da na kusa da ita ana shafo su ana shukawa. Ba a sami wanda ƙwayar ta tsallaka wa ba. Ranar 5 ga Yuli 2002 CDC ta fitar da labarin a mujallarta ta mako-mako, ta ce jikin matar ya daidaita kuma ciwon yana karɓar magani.

## 2003: an buɗe ƙwayar an duba

A 2003 cikakken bayanin ya fito. Ayarin vanA yana cikin wani gutsuren DNA mai iya tsalle daga wuri zuwa wuri, ana kiransa Tn1546, irin wanda aka sani a jikin Enterococcus. An same shi zaune a cikin wani ɗan zoben DNA na Staphylococcus, irin zoben da ƙwayoyi ke miƙa wa juna idan sun haɗa jiki, mai tsawon haruffa kusan 58,000. Zoben yana ɗauke da turjiyar wasu magungunan ma. A jikin matar an kuma sami MRSA 'yar'uwar wannan, mai jin bankomaisin, da zobe irin wancan amma babu gutsuren. Fassarar da masu binciken suka yi ita ce Enterococcus ta miƙa nata zoben, gutsuren ya yi tsalle ya koma zoben Staphylococcus ya zauna.

Lamari na biyu ya bayyana a Fensilbaniya a Satumba 2002, na uku a Niyok a 2004, da yawa daga cikin na bayansu kuma a Mishigan. Cikin shekara 20 waɗanda aka tabbatar a Amurka ba su kai 20 ba, kuma kusan dukansu labarin ɗaya ne: tsohon gyambo, sau da yawa ciwon suga, MRSA da Enterococcus mai turjiya a wuri guda. Wani abin da aka gano daga baya shi ne sabon maginin MRSA ba ya iya aiki da sabon tubalin. Idan bankomaisin ya tilasta wa ƙwayar buga tubali mai D-laktet, sai ta koma ga tsoffin maginanta, waɗanda dangin fenisilin ke iya kamawa.

## Shekarun da suka biyo baya: sauran masu kama tubali

Bankomaisin ɗaya ne kawai daga cikin feftayid ɗin da halittu ke yi don tare Lifid II, kuma ba duka suke kama shi ta wuri ɗaya ba. Naisin, wanda wata bakteriyar madara mai suna Lactococcus lactis ke yi, amino asid 34 ne da zobba biyar. Tun shekarun 1950 ake sa shi a cuku don hana lalacewa. A ƙarshen shekarun 1990 aka gano shi ma Lifid II yake nema, a 2004 kuma aka ga yadda yake yi: zobbansa biyu na farko suna yin keji su rungumi fosfet biyun da suka ɗaure tubali da lebura. Bayan ya kama, sauran jikinsa ya soki tantani, naisin takwas da Lifid II huɗu su taru su huda rami, abin cikin ƙwayar ya tsiyaye. Yana kuma janye Lifid II daga tsakiyar ƙwayar, inda ake gina katangar rabewa. Tunda jela ba ta dame shi ba, sauya D-alanin da D-laktet ba ya hana shi aiki.

Basitirasin, wanda ake sa wa a man shafa wa rauni tun shekarun 1940, lebura yake jira bayan ya sauke kaya, ya kama fosfet biyun da suka rage a jikinsa ya hana shi komawa. Filektasin, da aka samo daga wani naman gwari a 2005, an nuna a 2010 cewa Lifid II yake kamawa. A 2010 ɗin ne kuma aka nuna haka ga wasu feftayid na jikin mutum da ake kira difensin, waɗanda fararen ƙwayoyin jini da fata ke fitarwa. Teksobaktin, da aka sanar a 2015 daga wata bakteriyar ƙasa da a da ba a iya renonta a ɗakin gwaji, yana kama fosfet ɗin da sukarin da ke kusa da shi, yana kuma kama tubalin wani sashe dabam na katangar.

Ita ma Staphylococcus ba ta zauna hannu sake ba. Yawancin waɗannan feftayid suna da cajin da ke jawo su ga fatar ƙwayar, sai ita kuma ta yafa wa katangarta D-alanin, ta yafa wa tantaninta wani amino asid mai suna laisin, don ta rage wannan ja. Kariya ce 'yar kaɗan, ba ta kai ninki dubu ba.

## Abin da na gani a lamarin

Ba na ganin kuskure a ba matar nan bankomaisin a Afrilu 2002. MRSA a cikin jini tana kisa, kuma shi ne maganin da aka fi sani da ita a lokacin. Inda matsalar take shi ne watanni 14 da gyambo ya yi a buɗe, a ƙafar da jini ba ya isa, ana ta wuce masa da magani zubi bayan zubi. A irin wannan wuri maganin yakan isa da rauni: bai kai ya share komai ba, amma ya isa ya rage masu jinsa ya bar wa marasa jinsa fili. Haɗuwar ƙwayoyin biyu ta ba da dama, maganin kuma ya zaɓi wadda ta ci moriyar damar.

A cikin abubuwan da suka yi aiki, na fi ba da nauyi ga waɗanda aka yi da hannu. Wurin robar ya warke bayan an cire robar, alhali ƙwayar da ke wurin ba ta jin maganin da aka dogara da shi. Septrin ya yi amfani ne saboda an gwada an ga ƙwayar tana jinsa. Da an ba da shi da ka, sa'a ce kawai za ta sa a dace, domin ana samun Staphylococcus da ba ta jinsa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da ake sayen irin waɗannan magunguna a kemis ba takardar likita, mai gyambon suga ya sha wannan ya sha wancan kafin a taɓa shafo gyambon a kai ɗakin gwaji.

Game da feftayid ɗin kuwa, lamarin ya nuna mini cewa kama tubali ya fi kama magini daɗewa, shekara 44 tsakanin 1958 da 2002 shaida ce, amma wurin da aka kama a jikin tubalin shi ne magana. Bankomaisin ya kama ɓangaren da magini zai datse ya yar, wanda ƙwaya za ta iya musanyawa ginin bai rushe ba. Naisin da teksobaktin sun kama ɗaurin fosfet, wanda duk masu aikin ginin, na ciki da na waje, suke dogaro da shi. Wannan ya sa nake ganin neman sababbin magunguna ta wannan ɓangare yana da tushe. Sai dai ko a 2002 ɗin, da an ce a ɗura wa matar naisin, ba zai yiwu ba: ba ya narkewa da kyau a ruwan da ba shi da tsami irin jini, kuma sinadaran jiki masu narkar da furotin suna farfasa shi. Teksobaktin kuma, shekaru bayan sanar da shi, yana matakin bincike, bai kai kantin magani ba.